Wata huɗu da MikroTik Wireless Wire a gidan haya, ga abin da na gani

Tun bayan ƙaramar sallah nake cewa zan rubuta wannan abun sai yau Allah ya nufa. A sati ɗaya mutum uku ne suka tare ni da tambayar wai menene waɗannan fararen akwatunan guda biyu da na maƙala, ɗaya a saman tagar bayan shagona ɗaya kuma can ƙarshen baranda, wani ma cewa yayi ko kyamarar tsaro na saka saboda ɓarayin takalma. Ba kyamara bace. Sunanta Wireless Wire, kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya ne ke yinta, kuma in ka taɓa sayen tikitin waifai a kafe ko a hostel ɗin makaranta to da wuya in ba rawutarsu bace take yanke maka lokaci, masu harkar netwok sun sansu sosai.

Bari in fara da matsalata dan ku gane dalilin da yasa na kashe wannan kuɗin. Sana'ata haɗa bidiyon biki ne, kamu, ɗaurin aure, dina, walima, wani lokacin har suna. Shagon yana ƙofar gida, nan kwastoma ke zuwa nan kuma yara masu ɗauka suke sauke katin kyamara, amma babbar kwamfutar da nake aikin da ita da rumbun ajiyar duk suna ɗakina na can ciki, saboda can inbata take kuma gaskiya bana iya barin kayan miliyoyi su kwana a shagon bakin titi. Tsakanin wurin biyu bai wuce mita 25 ba, da ƙafa ko minti ɗaya baka yi. Amma biki ɗaya in an yi kwana uku ana ɗauka da kyamara biyu sai ka ga giga 120 ya taru, kuma a watan Disamba ko bayan sallah sai in samu irin wannan uku a sati.

Da farko a hannu nake jigilarsu, in kwafa a ƙaramin rumbu in kai ciki in sake kwafa, aiki biyu kenan. Ranar da ɗaya ya suɓuce daga hannun ƙanina ya daki siminti da bikin mutane a ciki, Allah yasa ba a goge katin ba tukunna, ranar nace to wannan wahalar ta isa haka.

Abu na farko da na siya shine wanda kowa ke siya, ɗan rifita ɗinnan mai ƙara wa waifai nisa da ake sokawa a soket mai kunnuwa biyu. Na je wani shago a kasuwar 'yan waya, yaron shagon yana ta rantsuwa, "yallaɓai wannan ai har maƙota sai sun samu, sai dai ka saka fasuwod." Na kawo na soka a tsakiyar baranda, wayata ta nuna sanda cike fal, naji daɗi. Da na fara tura fayil sai kwamfuta ta rubuta min saura awa 13. Wallahi na ɗauka ta rikice ne. Gudun da nake samu bai wuce megabit 20 ba, in ka lissafa kuwa haka ne, giga 120 a wannan gudun sai ka kwana ka wuni.

Daga baya na gane ba wai nawa ne ya lalace ba, haka halittar rifita mai rediyo ɗaya take. Kamar ka tsayar da yaro a tsakiyar layi yana karɓar saƙo daga bakin wani yana faɗa wa wani, lokacin da yake saurare baya magana, lokacin da yake magana baya saurare, to kaga rabin lokacin ya riga ya tafi kafin ma a zo maganar bango. Sandar da kake gani a wayarka kuma ƙarfin siginar da ke tsakaninka da rifitar take nunawa, bata gaya maka halin da rifitar ke ciki da babbar rawuta. Shi yasa mutane da yawa ke cewa netwok cike amma abu baya buɗewa. In kallon bidiyo a waya ne ko hira a WhatsApp to zata iya yi maka, ni dai bata yi min ba.

Wani abokina ya ara min irin wanda ke bi ta wayar wutar gida, ka soka ɗaya nan ɗaya can. Wannan ko haɗuwa basu yi ba, saboda shagon layinsa daban yake, ɗakina kuma yana bayan inbata. Irin wayarin ɗin gidajenmu da ake ta canjawa daga wutar gari zuwa janareta zuwa sola, wannan na'urar bata jin daɗinsa ko kaɗan, na mayar masa da kayansa washegari.

Nasan wani zai ce to me ya hana ka ja kebul kawai. Gaskiyarsa. Kebul ɗin Cat6 yana kai mita 100 da cikakken gudun gigabit kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba, kuma har gobe duk wanda ya tambaye ni abin da nake fara gaya masa kenan, in zaka iya jan waya ka ja waya. Amma ni gidan haya nake, kebul ɗin sai ya bi ta saman ƙofar mutum uku kuma ba a daɗe da yin fenti ba. Na sami mai gidan na durƙusa na gaishe shi na yi bayani, ya saurara tsaf sannan yace "yaro, bangon nan ba a ƙara buga min ƙusa a jikinsa, na masu dish ma ya ishe ni." Nace to Baba Alhaji Allah ya huci zuciyarka. Da ƙyar daga baya ya yarda in ɗaura abu biyu a jikin katakon rumfa, shi ma sai da na nuna masa girmansu.

To a nan ne Wireless Wire ta shigo. Lokacin da na siya kuɗinta a waje kusan dala 200 ne, a naira kuwa ya danganta da ranar da ka tambaya, kun san halin da ake ciki. A cikin kwalin akwai na'urar guda biyu, kowacce bata fi tafin hannu da yatsu ba, da adaftar wuta biyu, da ɗan abin nan da ke saka wuta a cikin kebul ɗin netwok wanda ake kira PoE, ma'ana waya ɗaya ce ke zuwa jikinta, ita ke kai wuta ita ke kai data. Abin da ya fi burge ni shine tun daga kamfani an riga an aura su da juna, ba ruwanka da shiga saitin komai, ka saka musu wuta ka juya fuskar ɗaya ta kalli ɗaya, shikenan. Ni a falo na fara gwadawa, na ɗora ɗaya kan tibi ɗaya kan firij, kafin in gama zuba shayi sun haɗu.

Amma fa ku tsaya ku ji wannan da kyau dan nan ne mutane ke yin asara. Wannan abun BA ya ba wa wayarka waifai. Ba rawuta bace. Gada ce kawai tsakanin wuri biyu, kamar ka ɗauki kebul ka yanke tsakiyarsa ka bar iska a wurin. In kana son waya da laftof su samu waifai a ɗaya ɓangaren to sai ka saka wata rawutar a bayanta, ni tsohuwar rawutata na ɗauko na jona a ɗaki, yanzu uwargida tana kallon abinta ba tare da ta fito baranda tana ɗaga waya sama ba.

Sirrin gudunta yana wurin mitar rediyon da take aiki a kai. Waifai ɗin da muka saba yana kan gigahaz 2.4 ne ko 5, ita kuma wannan tana kan 60. Zangon igiyar 2.4 ya kai wajen santimita 12, na 5 wajen santimita 6, na 60 kuwa milimita 5 ne kacal, bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Can sama a 60 ɗin fili ne fetal babu cunkoso, layi ɗaya faɗinsa gigahaz 2.16, alhali waifai na gida yana fama da megahaz 20 ko 40 ko 80, in yayi ƙoƙari sosai 160. Kamar bambancin lungun cikin gari ne da titin Zariya da asuba. Sai dai abin da aka baka da hannun dama an karɓe da hagu, dan wannan igiyar bata ratsa bulo, bata ratsa ƙofar ƙarfe, jikin mutum ma tare ta yake saboda ruwan da ke jikinmu, kai har iskar da muke shaƙa tana cinta, oksijin yana shanye ƙarfin siginar kusan desibel 15 a duk kilomita ɗaya a daidai wannan mitar. Ni yadda nake yi wa mutane bayani shine su ɗauke ta kamar tocila. In ka haska daga nan hasken ya sauka a can to zata yi, in wani abu ya tare hasken to ka manta.

Wannan fasahar ba sabuwa bace fa. WiGig ake ce mata, an kafa ƙungiyarta a 2009, aka amince da ƙa'idar 802.11ad a ƙarshen 2012 da alƙawarin gudun da ya kusa gigabit 7. A 2016 TP-Link suka fitar da rawuta mai suna Talon AD7200 da ita a ciki, wayar Asus ROG Phone ta 2018 ma ta zo da ita, haka na'urar da ke cire wa gilashin wasan gem na HTC Vive da ake sawa a fuska waya. Amma bata shiga gidajen mutane ba, kuma inaga dalilin a fili yake, wa zai so waifai ɗin da in ka juya wa rawuta baya ko ka shiga bayi sai ya ɗauke. Waya a hannu take tana yawo, ita kuma 60 bata son yawo. Dabarar da na ga anyi a wannan na'urar shine an daina tilasta mata aikin da bata iyawa, an kafe ta wuri ɗaya tana kallon 'yar uwarta, an tattara duk ƙarfin zuwa gefe guda, sai abin da aka yi dan ɗaki ɗaya ya koma yana kai mita 200 a faɗar kamfanin. A cikinta akwai ƙananan eriya da yawa a jere waɗanda ke karkata siginar da kansu cikin kusurwar digiri 60, shi yasa ba sai ka tsaya kana auna saiti kamar mai ɗaura dish ba, da ido ma ya isa.

Yanzu ga abin da na samu a aikace. Fayil yana tafiya a megabait 105 zuwa 110 a sakan (megabait ɗaya megabit 8 ne), wato giga 120 ɗin da rifita tace min awa 13 yanzu minti 18 zuwa 20 ne, kafin in yi la'asar in dawo ya gama. Kuma wannan iyakar ma ba daga iskar take ba, ramin kebul ɗin jikinta ne gigabit ɗaya, ko waya ka ja abin da zaka samu kenan. Har na gwada buɗe aikin editin kai tsaye daga shago alhali fayilolin suna ɗaki, ya tafi lafiya lau ban ji wani jinkiri ba. Abu ɗaya dai, in kwamfutarka ko suwic ɗinka tsoho ne mai megabit 100 to a nan zaka tsaya, kar kazo kana zagin na'urar, ni ma sai da na canza wani ɗan guntun kebul da ya tsufa kafin gudun ya fito.

Kuskuren farko nawa ne. Dan gudun rana da ɓarayi sai na ajiye ta shagon daga ciki a bayan taga, na karanta cewa tana iya ratsa wasu tagogin. Eh tana ratsa gilashi zalla, amma tagata akwai ragar sauro ta ƙarfe ga kuma sandunan bogila, ai kuwa sai haɗuwar ta dinga yankewa gudun ya faɗi ƙasa warwas. Da na fito da ita waje na ɗaure a katakon rumfa komai ya daidaita. Irin gilashin nan mai duhu kamar madubi da ake yayi yanzu shi ma ku kiyaye shi, akwai shafen ƙarfe a jikinsa.

Na biyun kuma shi ne ya ban dariya daga baya, a lokacin dai ban yi dariya ba. Wajen sati biyu ina lura duk ranar Asabar da hantsi sai netwok ɗin ya fara ciwo, zuwa azahar kuma ya warke da kansa. Na canza adafta, na canza kebul, har na fara tunanin ko zafin rana ne. Wata Asabar ina tsaye a baranda ina ta kallon sama kamar mai duban wata sai uwargida tace "Baban yara wai me kake nema ne tun ɗazu?" Na juyo zan bata amsa kenan sai idona ya sauka kan igiyar shanya. Bargo jiƙaƙƙe sharkaf da zannuwan gado biyu a rataye daidai tsakanin na'urorin. Busasshen zani bai cika damunta ba, shi yasa da rana ta yi sai abin ya gyaru, amma jiƙaƙƙen bargo bango ne a wurinta. Nace mata dan Allah ko za a matsar da igiyar, tace igiyar nan ta riga akwatunanka zuwa gidan nan. Ban ja ba. Na ɗauko tsani na ɗaga su sama da taku biyu, yanzu sun fi ƙarfin shanya sun fi ƙarfin kan mutane, tun ranar ban ƙara ganin yankewa ba. Dan haka duk wanda zai saka ya kai ta sama yadda ko dogon mutum ɗauke da kaya a ka ba zai gifta ta gabanta ba.

Wani abin mamaki da na gani lokacin gwaji a falo, in na tsaya a tsakaninsu ba kullum take yankewa ba, wani lokacin sai ta ɗan yi tsam sannan ta ci gaba da gudun da bai kai na farko ba. Ashe siginar ce ke dukan bango ko jikin firij ta dawo, na'urar kuma ta nemo wannan hanyar da kanta. A ɗaki mai bango kusa kusa hakan na faruwa, amma kar ka gina lissafinka a kai.

Damina ta same ta a wurin. An yi ruwan nan na Agusta mai haɗe da iska ina zaune ina kallon gudun ko zai sauka, bai motsa ba. Ruwan sama yana cin 60 sosai amma sai tafiyar ta yi nisa, a mita 25 babu abin da zai ci. Wanda zai haɗa gini biyu masu nisan mita 150 ko fiye shi ne zai yi wannan tunanin. Wuta kuma bata ci, kowacce wajen wat 5 ce, inbata bata ma san suna jikinta ba. Na shagon dai dole na haɗa mata ɗan ƙaramin batiri saboda in an ɗauke wuta ɓangare ɗaya ya mutu to gadar ta karye gaba ɗaya.

Akwai wani amfanin da ban yi tunaninsa ba sai daga baya. Tunda bata ratsa bango to bata fita unguwa, samarin da ke zama a dakalin ƙofar gida suna gwada fasuwod ɗin mutane ko ganinta basa yi a wayarsu, ga shi kuma datar a kulle take tafiya tsakanin biyun. Kuma duk rawutocin maƙota da ƙananan mifi da suka cika 2.4 a layinmu babu wanda ke shiga hanyarta.

To wa zan ce ya siya? Mai irin matsalata, wuri biyu da suke ganin juna, fayil masu nauyi, kuma babu halin jan waya. Makaranta mai ofis a gini ɗaya ɗakin kwamfuta a ɗaya, asibiti ƙarami, mai shago biyu da titi ya raba, ko babban zaure irin na taro da ba a son waya ta bi ta ƙasa mutane suna tuntuɓe. Wanda kuma damuwarsa ita ce waifai baya kaiwa ɗakin kwana saboda bulo uku da ke tsakani, wannan ba maganinsa bane ko kaɗan, kuɗinsa kawai zai ƙone, gara ya nemi irin rawutocin nan masu zuwa biyu ko uku a kwali da ake kira mesh, in da hali ma ya haɗa su da kebul a tsakaninsu. Kuma bata ƙara maka gudun intanet, in layinka megabit 15 yake bayarwa to 15 ɗin zata kai maka can ba ƙari, na faɗi wannan ne saboda maƙocina ya riga ya fara lissafin siya dan wai TikTok ɗinsa yana tsayawa.

In maki ne zan bata 9 cikin 10, ɗayan da na riƙe na kuɗin ne, dan har yanzu in na tuna kebul na mita 30 zai yi min wannan aikin sai inji wani iri. Wanda zai siya kafin ya biya ya samu tocila mai ƙarfi da daddare, ya tsaya inda zai ɗaura ta farko ya sa wani ya tsaya a ɗaya wurin, in hasken ya sauka a fuskarsa ba reshen bishiya ba tankin ruwa ba igiyar shanya to ya je ya biya. Ni yanzu hunturu nake jira in ga yadda zata yi da ƙurar Disamba, lokacin ne kuma aikin biki ke yi min yawa.